An ce a yanke wa jaririya hannu, wani kuma ya ce akwai sirof a Turai

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da dogon saƙo, kaina ne ya ɗaure. 'Yar ƙanwata ce, watanta biyar. Tun tana wata biyu wani ƙulli ya fito mata a damtse kamar ƙwan zabo. Kakarta ta ce jini ne ya taru, aka yi ta gasa wurin da ruwan ɗumi. Likitan farko ya ce irin tarin jijiyoyin jinin nan ne da wasu jarirai kan zo da shi, zai baje da kansa. Bai baje ba. Yanzu ya kai girman lemon zaƙi, fatar wurin ta yi ja tana sheƙi. An gutsuri nama an kai gwaji, takarda ta fito an rubuta infantile fibrosarcoma, wai wata irin sankarar jarirai ce, da alamar tambaya a gabansa. Likitan tiyata ya ce ƙarin ya naɗe jijiyoyi, in so ake a cire shi duka, sai dai hannun ya tafi daga kafaɗa. Kwana biyu uwar ba ta sa komai a bakinta ba. Don Allah wanda ya san wata hanya ya yi magana.

Abban Walida: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ku sa hannu a takardar yankan nan! Akwai maganin da ake kira larotrectinib, sirof ne ma ake ba jarirai safe da yamma, ƙarin ya narke. Na ga hotunan yara kafin sha da bayan sha, wallahi kamar almara. Ku nemi fasfo, mu kuma a nan mu buɗe asusu a haɗa abin da ya sawwaƙa, a fita da ita waje.

Kawu Sale: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya ba ta lafiya. Ni dai ina da buhu biyu na waken suya, in an buɗe asusun a faɗa mini.

Dakta Mai Yara: Allah Ya saka, Kawu, amma a riƙe waken tukuna. Hajiya Maman Ilham, sannunku da jinya. Abu na farko, kada kowa ya taɓa ƙarin nan da aska, ko wanzami ko waninsa. Irinsa cike yake da jini, in ya ɓalle jaririya ba ta da jinin da za ta yi asara. Na biyu, alamar tambayar da ke kan takardar nan ita ce ta fi komai muhimmanci a cikin bayaninki. Ma'anarta mai duba naman yana zato ne, bai tabbatar ba. A idon na'urar hangen ƙwayoyi akwai ƙari iri-iri na jarirai da suke kama da juna, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Ba a yanke hannu a kan zato, ba a kuma sayar da gida a kan zato. Na uku, likitan tiyata shi kaɗai bai isa yanke wannan hukunci ba. Ku nemi takardar tura mara lafiya zuwa asibitin koyarwa da ke da likitan sankarar yara. Maganin da Abban Walida ya ambata gaskiya ne akwai shi, kuma yana aiki. Sai dai ba kowane ƙari yake ji ba.

Abban Walida: To Dakta, in gaskiya ne yana aiki, jiran me ake yi? Ƙari fa kullum ƙaruwa yake.

Na Ɗakin Gwaji: Bari in shigo, don nan ne wurin cin abincina. A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai ƙunshin bayanan halitta guda 46, kuromozom ake ce musu, an jera su biyu-biyu an ba su lamba. A yawancin jariran da ke da wannan faiburosakoma, a cikin ƙwaya ɗaya tak, lamba 12 da lamba 15 sun karye, guntayen suka haɗe a karkace. Wani sashe mai suna ETV6 ya manne da wani mai suna NTRK3. Masu bincike a Kanada ne suka gano haka a 1998.

Shi NTRK3 ba mugu ba ne. Aikinsa yana wajen girman jijiyoyin laka, ana kunna shi in da buƙata, a kashe in an gama. Amma da ya haɗe da wancan, sai ya zama kamar gidan da aka jawo wa wuta ta ɓarauniyar hanya, ba mita ba makunni. Dare da rana yana ce wa ƙwayar ta rabu biyu, ta sake rabuwa. Wannan taron shi ne ƙullin da kuke gani. Larotrectinib ƙaramin sinadari ne da aka ƙera daidai ramin da wannan inji yake shan mai, ya shiga ya toshe. In ƙarin yarinya ba da wannan injin yake tafiya ba, ko ta sha galan guda babu abin da zai toshe.

Kawu Sale: Na fara ganewa. Wato kemo, alluran sankarar nan da aka saba yi, kamar feshin da ke ƙone duk wani ɗanyen ganye ne a gona, wannan kuma kamar mutum ne ya bi kunya yana cire wuta-wuta ita kaɗai?

Na Ɗakin Gwaji: Kawu ka fi ni iya faɗa. Saura kawai a tabbatar wuta-wutar ce a gonar, ba wata ciyawa ba.

Maman Ilham: Akwai abin da nake jin nauyin tambaya. Iyayen yarinyar auren zumunci ne, 'ya'yan wa da ƙani. Tun da aka ji kalmar "ƙwayoyin gado" a asibiti, surukar ƙanwata ta fara cewa daga ɓangaren mahaifiyarmu abin ya fito. Gidan ba daɗi yanzu.

Dakta Mai Yara: Ki gaya wa Hajiya Babba da ladabi cewa wannan ba irin sikila ba ne. Sikila uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi, tana cikin kowace ƙwaya ta jikin yaro tun ranar da aka yi cikinsa. Wannan karayar kuwa a cikin naman ƙarin kaɗai take. In an ɗebi jinin uwa da na uba ba za a same ta ba, ƙannen da za a haifa nan gaba ma ba ruwansu. Akwai sankarar yara da ake gada, kamar wani kaso na sankarar ido mai sa ƙwayar idon yaro ta yi fari irin na mage da dare, da wata irin sankarar maƙoshi da ke bin dangi. Wannan ba ta cikinsu. Kalmar "gado" da muke fassara abin da ita ce take jawo mana rigima a gidaje.

Malam Na'ibi: Ko da ma gadon ne, wa ya zaɓi abin da zai gada? Ku bar uwa ta ji da abin da ke gabanta. Neman magani kuma ba ya cin karo da tawakkali, a ɗaure raƙumi sannan a dogara.

Yaya Famasis, Ingila: Salam. Yanzu na taso daga aiki na ga saƙonni sun taru. Bari in sa lambobi a maganar, don kowa ya san abin da ake ciki.

Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da larotrectinib a watan Nuwamba 2018, Tarayyar Turai a 2019. Sunansa na kasuwa Vitrakvi, kamfanin Bayer ke sayar da shi. Abin da ya sa aka yi ta surutu a kansa shi ne ba a ce maganin sankarar nono ba ne ko ta huhu ko ta hanji. An ce duk ƙarin da aka samu wannan haɗewar ta NTRK a cikinsa, ko a ina yake a jiki, ko shekarar mutum nawa. Rahoton farko na mutum 55 ne, daga jariri ɗan wata 4 zuwa dattijo mai shekara 76, da sankara iri 17, kuma kashi 75 cikin 100 ƙarinsu ya ragu sosai. A gwajin yara zalla da aka wallafa a shekarar, cikin yara 15 masu haɗewar da aka iya auna ƙarinsu, 14 ya ragu. A harkar sankara wannan adadi ne da ba kasafai ake gani ba. Wasu yaran da aka shirya yanke musu gaɓa, ƙarin ya motse har aka cire ragowar ba tare da an taɓa hannu ko ƙafa ba.

Sai kuɗi. Farashin da aka sanar lokacin fitowarsa a Amurka dala 32,800 ne a wata ga babba, sirof na yara kuma yana farawa daga dala 11,000 a wata. Ko a ce dala naira 1,500 ce, sirof ɗin wata ɗaya ya haura naira miliyan 16. Ba kuma kwalba ɗaya ake sha a gama ba, watanni ne, wasu shekaru.

Kawu Sale: Ashe waken suyata ko cokali ɗaya ba zai saya ba.

Ɗan Gwagwarmaya: Wannan shi ne abin da ke ɓata mini rai. Muna zaune muna lissafin maganin dala dubu goma sha ɗaya, alhali yaran da suka cika gadajen asibitocinmu sankarar Burkitt ce ke kumbura musu muƙamuƙi, da ƙarin ƙoda, da sankarar ido. Magungunansu tsofaffi ne masu araha, amma yara na mutuwa saboda an zo a makare, ko an yi zagaye biyu na kemo kuɗi ya ƙare an koma ƙauye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da sankara. A ƙasashe masu arziki sama da 80 cikin 100 na warkewa, a irin namu ƙasa da 30. Burin da suka sa a 2018 ma shi ne a kai 60 cikin 100 zuwa shekarar 2030, kuma cututtuka shida da suka sa a gaba babu wannan a ciki. Kuɗin wata ɗaya na sirof ɗin nan yara nawa zai yi wa magani? Ni a ganina maganin masu kuɗi ne, a daina sa wa talaka rai.

Abban Walida: Malam, wannan magana ta ɗakin taro ce. Je ka gaya wa uwar da ba ta ci abinci kwana biyu ba cewa 'yarta ba ta cikin shida. A wurin gwamnati ita lamba ce, a wurin uwarta ita ce duniyar gaba ɗaya.

Ɗan Gwagwarmaya: Ban ce a bar ta ba. Cewa na yi kada a tara miliyan biyar a sa iyali a jirgi, su je kuɗi ya ƙare a wata na biyu, su dawo ba gona ba magani. Na ga an yi haka, ba sau ɗaya ba.

Dakta Mai Yara: Ku biyun nan kowa ya riƙe gaskiya ta ɓangare ɗaya, amma kun tsallake abin da ya fi amfanar yarinyar nan. Kuna magana kamar hanya biyu ce kawai, yanka ko sirof ɗin Turai. Akwai ta uku, kuma tana nan gida. In har faiburosakomar jarirai ce, tana cikin sankarorin da suka fi jin magani tun kafin a ƙirƙiro larotrectinib. Ba ta cika yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki ba, kuma tana jin kemo mai sauƙi. Wani rahoton likitocin Turai na 2016 a kan jarirai 50 ya nuna 94 cikin 100 suna raye bayan shekara uku. Abin da aka fi ba su vincristine ne da actinomycin, tsofaffin allurai biyu, su ne ma muke ba masu ƙarin ƙoda a nan. Wajen biyu cikin uku na waɗanda aka yi wa kemo ƙarinsu ya ragu. Manufar ita ce a rage shi har likitan tiyata ya samu wurin sa wuƙa ba tare da ya taɓa jijiya ba. Shi ya sa yanzu ba a fara wannan cuta da yanke gaɓa.

Wurin sabon maganin shi ne in kemo ya ƙi aiki, ko ƙarin ya yaɗu, ko yana inda tiyata za ta nakasa yaro. A Amurka ma an gwada fara jinya da shi kai tsaye. Amma kada wanda bai samu ba ya ɗauka an rufe masa ƙofa.

Sista Talatu: Ƙari a kan maganar Dakta, tunda mu ke sa allurar. Kemo ga jaririya ba wasa ba ne. Ana rage adadin daidai nauyinta, ana bin hanta da yawan ƙwayoyin jini kafin kowane zagaye. Vincristine in ta zubo wajen jijiya tana cin nama, don haka ba aikin kemis ba ne, ba kuma na "nas ɗin unguwa" ba. In zazzaɓi ya zo bayan allura, ko ƙarfe biyun dare ne a tafi asibiti, kada a ce bari a ba da farasitamol a ga safe. Uwa kuma ta ci abinci don Allah, nono ake buƙata yanzu fiye da kowane lokaci.

Mai Gudanarwa: Na goge saƙon wani da ya sa lambar waya yana cewa yana da garin da ke narkar da kowane irin daji cikin kwana bakwai. Na kuma cire shi daga zauren.

Kawu Sale: Amma fa ba duk maganin gargajiya ne ƙarya ba.

Yaya Famasis, Ingila: Haka ne Kawu. Ita kanta vincristine daga wata fure aka samo ta, 'yar asalin Madagaska, wadda ake shukawa don ado a ƙofar gidaje. Bambancin shi ne an tace, an auna, an san adadin da ke magani da adadin da ke kisa. Mai garin kwana bakwai bai ma tambayi sunan cutar ba.

Kuma don kada a ɗauka sirof ɗin ruwan zuma ne: yana iya taɓa hanta, ya rage fararen ƙwayoyin jini, ya sa jiri da ƙiba. Wasu in an tsayar da shi farat ɗaya sai ciwon jiki ya taso musu. Dalili shi ne injin da yake toshewa yana da aikinsa na halal a jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, jaririya kuwa ƙwaƙwalwarta yanzu take ginuwa, shi ya sa likitoci ke ci gaba da bibiyar yaran da suka sha shekara da shekaru. Ɗan uwansa entrectinib na kamfanin Roche, wanda Amurka ta yarda a ba jarirai da suka wuce wata ɗaya a 2023, an ga karayar ƙashi a wasu yaran da ke shan sa. Wani lokaci kuma ƙarin yakan yi dabara, ya ɗan sauya siffar ramin, maganin ya daina shiga. Don irin haka aka ƙero na baya kamar repotrectinib, wanda aka amince da shi a 2024 ga masu shekara 12 zuwa sama.

Baban Khalifa: Ina ta karantawa shiru. Ɗana shekararsa huɗu, ƙarin ƙoda ne, an cire ƙodar hagu, muna zagaye na biyar na kemo. Gashinsa duk ya zube. Ba za a iya sauya masa zuwa wannan sirof ɗin ba?

Dakta Mai Yara: A'a Baban Khalifa, don Allah kada ka yi wannan tunanin. Ƙarin ƙodar da aka fi gani a shekarun ɗanka ba da wannan injin yake tafiya ba, kuma hanyar da kuke kai ita ce ake bi ko a Landan. Gashi zai fito. Abin da nake tsoro a wurinka ɗaya ne, ku ga ya murmure ku daina zuwa kafin a gama.

Irin waɗannan magungunan kowane da kwaɗonsa. Crizotinib na wani ƙari ne da wani sashen halitta mai suna ALK ke turawa. Selpercatinib na masu matsalar sashen RET ne, a yara yawanci a maƙoshi. Dabrafenib da trametinib na wani ƙarin ƙwaƙwalwar yara ne mai canji a sashen BRAF, an amince da su ga yara a 2023. Duk cikinsu babu wanda ake bayarwa sai gwaji ya nuna kwaɗon. A manyan sankarorin manya irin na huhu da hanji, masu haɗewar NTRK ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ita 'yar tamu ta faɗo ne cikin 'yan cututtukan da haɗewar ta yi yawa a cikinsu.

Ɗan Gwagwarmaya: To na ji, na sassauto kaɗan. Amma maganar farashi tana nan. Wa zai kawo mana shi?

Yaya Famasis, Ingila: An taɓa yin irinta. Imatinib, kakan duk waɗannan magunguna, ya fito a 2001 don wata sankarar jini, da tsadar da kowa ya ce Afirka ba za ta gan shi ba. Ta hanyar shirin tallafin kamfanin da ya ƙera shi da gidauniyar Max, marasa lafiya a Najeriya sun shafe shekaru suna karɓar sa kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife. Daga baya kariyar mallakarsa ta ƙare, masu araha irin na kamfanonin Indiya suka yawaita. Amma ko a can sharaɗin farko shi ne takardar gwajin da ta nuna kana da canjin da maganin ke kamawa. Babu kamfani ko gidauniyar da za ta saurari likita in ba wannan takarda a hannunsa. Ni a wurina faɗan da ya kamata ka yi, Ɗan Gwagwarmaya, na ɗakunan gwaji ne. In ba a gano yaran ba, a takarda babu su, ba wanda zai kawo magani don mutanen da babu su.

Ɗan Gwagwarmaya: Wannan kam na karɓa.

Maman Ilham: To yanzu a aikace me za mu yi gobe da safe?

Na Ɗakin Gwaji: Ku koma inda aka duba naman. Ba a zubar da shi, ana daskarar da shi cikin kakin kyandir, ɗan ƙarami kamar akwatin ashana, muna ce masa bulok. Ku nemi likita ya rubuta a ba ku bulok ɗin da gilasan da aka shimfiɗa naman a kai aka duba. Ba sai an sake yanka yarinya ba in naman ya isa. Gwajin hawa-hawa ne. Akwai na rini, wanda ke nuna ko furotin ɗin TRK, wanda NTRK ke samarwa, ya yi yawa a naman, shi ya fi araha amma alama kawai yake bayarwa. Akwai wanda ke haska kuromozom a ga ko ETV6 ya karye. Akwai kuma babban, mai karanta bayanan halittar ƙarin ya faɗi wane ya haɗe da wane, wanda sau da yawa sai an aika waje. Likitan sankarar ne zai zaɓi wanda za a fara. Bulok ba ya buƙatar firji ko biza, amma kada a bar shi a mota cikin rana, kaki ne, narkewa yake.

Abban Walida: Wato bulok ɗin ne zai hau jirgi, ba jaririyar ba. To asusun fa? A bar shi?

Dakta Mai Yara: A buɗe, amma don kuɗin gwaji, da hoton MRI, da allurai, da kuɗin mota, da abincin mai jinya. Waɗannan ƙananan su ne ke sa iyali su gudu daga asibiti. Kawu, yanzu wakenka ya yi rana.

Maman Ilham: Salam, bayan kwana goma sha ɗaya ga ni na dawo. Karɓo bulok ɗin sai da ya ci mana kwana huɗu, yau a ce mai makulli bai zo ba, gobe a ce sai shugaban sashe ya sa hannu. Mun dai samu. Likitar sankarar yara ta gan ta, ta ce maganar yanka a ajiye ta gefe. An sake duba gilasan, an yi gwajin rinin, ya nuna alama, an aika bulok ɗin don tabbatarwa, sun ce mako uku zuwa huɗu. Ba ta ce a jira sakamako ba, an fara allurar ranar Talata. Ta auna ƙarin da tef irin na tela ta rubuta a kati, ta ce duk zuwa za a auna. Uwar ta fara cin tuwo. Hajiya Babba ce ma ke kwana da su a asibiti, ita ke riƙe hannun in za a sa allura.

Sista Talatu: Alhamdulillah. Ku sayi ma'aunin zafin jiki ku ajiye kusa da gadonta. Allura ta gaba yaushe ce?

Maman Ilham: Talata mai zuwa, in gwajin jini ya yi kyau.